Wa Ya Dafa Ƙwan Mai Kaji?

Shafi na 23

Bismillah. Ke da kika rubuto mini jiya cewa Auta ba ta da zuciya, wai ta tsaya ana zaginta tana sharar hawaye, wannan shafin naki ne. Gyara zama.

*

Tun daga bakin get warin ya tare ta.

Kwana biyu ke nan da injin ƙyanƙyasar da Auta ta ƙera da hannunta ya dafa ƙwai dubu a gidan yayarta, saura kwana uku su fashe. Kwana biyu kuma ke nan mijin yayar, wanda kowa ke kira Mai Kaji, yana yawo da sunanta a waya. Yana fasa ɓawo a bidiyo yana nuna wa duniya matattun 'yan tsaki, yana cewa ga aikin mace mai gyaran wuta.

Ta gyara ratayar jakar aikinta, ta shiga ɗakin injin.

Mai Kaji na tsaye a tsakiya, ya riƙe ƙugu. Yaya na rakuɓe jikin taga, idanunta sun kumbura suntum. Baba kuwa an ajiye masa kujerar roba kusa da ƙofa, ya ɗora hularsa a gwiwa yana kallon siminti. Shekara talatin da biyar ya yi yana gyaran wuta kafin ya bar wa Auta shagon. Shi ya fara damƙa mata filaya tana 'yar shekara tara. Shi ne kuma jiya ya ce mata, "Ki je ki ba shi haƙuri a wuce wurin." Wannan maganar ta fi duk zagin Mai Kaji yi mata ciwo.

"A'a, Injiniya ta iso!" in ji Mai Kaji. "A ba ta hanya, kada ta dafa mu."

Ta durƙusa ta gaida Baba. Ya amsa bai ɗago ba.

Mai Kaji ya miƙa wa matarsa waya. "Riƙe. Ki ɗauke ta sosai, fuskarta ta fito." Ya zaro takarda daga aljihu ya cilla wa Auta. "Karanta da ƙarfi. In kin ƙi, wallahi daga nan sai ofishin 'yan sanda."

Ta ɗauka ta duba. Layi uku ne. Ni ce na yi kuskure. Ban iya aikin ba. Daga yau na daina.

Ta ninke takardar gida huɗu.

"Zan karanta, Yallaɓai. Amma sai na kunna injin nan."

"Ki kunna me? Bai ishe ki ba? Saura gidan ki ƙona?"

"Minti biyar. In ban nuna maka komai ba, in karanta, in ƙara maka da layi na huɗu daga bakina."

"Auta," Baba ya ce a hankali, "bar wannan. Karanta mu tafi."

"Ka yi haƙuri, Baba. Yau kam a'a."

Tunda take ba ta taɓa ce masa a'a ba. Yaya ta zaro ido. Mai Kaji ya yi dariyar mugunta, ya ce, "Bar ta, Baba. Ta ƙara tona wa kanta asiri a gaban kyamara."

Auta ta buɗe ƙaramin akwatin wayoyin da ke gefen injin. A bayan murfin akwai rubutu da baƙin alƙalamin maka.

"Matso ka karanta. Ranar da na kawo injin nan na rubuta shi, kana tsaye a kaina kana cewa in yi sauri."

Ya leƙa a yatsine. "Volt ɗari biyu da ashirin. Amfiya biyu. To sai me? Ni kaji na sani, ban san yaren aljanu ba."

"Ai kuwa ka san lissafi. Kullum kana cika baki ba ka buƙatar kalkuleta. Volt shi ne ƙarfin da ke turo wutar daga bango. Amfiya kuma yawan wutar da ke bi ta cikin hitar da ke ɗumama ƙwan. Ɗari biyu da ashirin sau biyu, nawa ke nan?"

"Ke, ni za ki mayar ɗan firamare?"

"Nawa ke nan?"

"Ɗari huɗu da arba'in!" ya faɗa a fusace.

"Wat ɗari huɗu da arba'in. Zafin da hitata ke bayarwa ke nan, ba ƙari. Yanzu raba ɗari biyu da ashirin gida biyu."

"Ɗari da goma."

"Om ɗari da goma. Turjiyarta ke nan, wato yadda take tare wuta ta hana ta kwararowa da yawa. Duba ƙasa. Ba su ne a rubuce ba?"

Ya duba. Su ne. Ya ja tsaki. "Rubutu dai. Kowa ma ya iya rubutu."

Ta zaro mitarta mai baki kamar filaya. Ta kunna injin, fanka ta fara kuka, warin ya ƙara tashi har Yaya ta toshe hanci da mayafi. Auta ta soka 'yan sandunan mitar a soket.

"Karanta."

"Ɗari biyu da ashirin."

"Wutar bango ba ta canza ba ke nan. Kada gobe a ce wuta ce ta zo da ƙarfi."

Ta buɗe bakin mitar ta maƙala shi a wayar da ke tafiya hita. Kwana biyu tana juya abin nan a ranta, amma zargi daban, gani daban. In allon ya nuna biyu, ta gama yawo.

Lambobin suka yi rawa, suka tsaya.

Biyar.

Ta lumshe ido, ta buɗe.

"Yaya, matso da wayar nan. Ɗauki allon. Yallaɓai, karanta da ƙarfi, kamar yadda ka ce in yi."

"Biyar. To?"

"Ɗari biyu da ashirin sau biyar."

Leɓensa suka motsa yana lissafi. "Dubu da ɗari."

"Wat dubu da ɗari ɗaya! A akwatin da na yi wa lissafin ɗari huɗu da arba'in! Wannan ba injin ƙyanƙyasa ba ne, tukunya ce! Raba ɗari biyu da ashirin gida biyar."

"Arba'in da huɗu." Sai ya yi tsalle kamar ya kama ɓarawo. "Yauwa! Kin kama kanki! Arba'in da huɗu ai bai kai ɗari da goma ba. Raguwa ya yi! Yaya abu zai ragu ki ce ya ƙara zafi?"

"Maigadinka ne ya ragu. In ka sa ƙato a bakin get, mutum nawa za su kutsa? In ka cire shi ka sa ramamme fa? Turjiya ta ragu, wuta ta sami hanya, ta kwararo ninki biyu da rabi."

Ta nuna wani ɗan baƙin abu a cikin akwatin, bai wuce kwalin ashana ba.

"Ka ga wannan? Makunnin zafi ne. In ɗumi ya kai, shi ke kashe hita da kansa. Amfiya uku aka yi shi ya ɗauka, ga shi a jikinsa. Aka ɗora masa biyar, yana kashewa yana kunnawa dare da rana, har bakinsa ya narke ya manne. Daga ranar bai sake kashewa ba. Abin da ya dafa maka ƙwai ke nan."

"Mitarki ce. Ke kika san abin da kika murɗa mata." Ya juya. "Baba, kai ne babba a harkar nan. Duba mana, gaskiya take faɗa?"

Baba bai tashi ba. Bai ko kalli mitar ba.

"In ta ce biyar, biyar ne," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Auta ta kashe injin, ta zare fulogi, ta kwance wayoyin hitar biyu.

"Har yanzu ban auna turjiyar ba. Kai ka lissafa da bakinka, ka ce arba'in da huɗu. Zo ka riƙe mitar da hannunka, tunda nawa ba ka yarda da shi ba."

Ya karɓa kamar an ba shi kunama. Ta taɓa sandunan a bakin wayoyin.

Arba'in da huɗu cif.

Ƙudaje kawai ake ji a kan tiren ƙwai.

"Hitar da ke cikin injin nan ba tawa ba ce," ta ce, tana cije kowace kalma. "Wani ya buɗe ya canza. Kai kuma ka kwana biyu kana jan sunana a ƙasa. Mutum uku sun fasa ba ni aiki. Jiya wata mata ta tofar da yawu da na wuce. Ni ban ci ba, ban sha ba, an maishe ni abin nuni!"

"Kashe wayar nan," Mai Kaji ya ce wa matarsa.

"Kada ki kashe, Yaya! Ai shi ya ce fuskata ta fito. To ta fito!"

Ta ɗauki sukudireba ta zagaya bayan injin. Ƙusoshi shida. Ta uku ma a karkace aka mayar da ita. Ta cire farantin ta jingine da bango, ta haska da fitilar wayarta.

Ga ta nan. Sabuwar hita, ƙatuwa, sai ƙyalli take.

Amma ba hitar ce ta ɗauke mata hankali ba.

Haɗin wayar ne.

Ita Auta da ɗan maƙali mai ƙusa take haɗa waya. Wannan kuwa murɗawa aka yi da hannu, kuma ta hagu aka murɗa. Aka naɗe da tef zagaye bakwai, aka lanƙwasa bakin tef ɗin ya yi ɗan kunne don a ji daɗin warwarewa.

Mutum ɗaya ta sani a duniya mai wannan ɗan kunnen. Bahago ne. Tana ƙarama ita ke yanka masa tef ɗin.

Ta dafa injin.

"Me kika gani?" in ji Mai Kaji. Ya ture ta ya leƙa. Da ya ga sabuwar hitar, fuskarsa ta canza. Ya miƙe a hankali ya juya wajen matarsa.

"Makullin ɗakin nan biyu ne. Ɗaya a aljihuna. Ɗayan fa?"

Yaya ta fara ja da baya.

"Magana nake miki! Wa kika buɗe wa?"

"Baban yara, don Allah..."

"Wa kika shigo mini da shi ɗaki ba na nan? Kina kallo ina haukan banza a gaban jama'a, kin yi gum? Wallahi in ba ki faɗa ba, yau ba za ki kwana a gidan nan ba!"

Yaya ta fashe da kuka, ta zame jikin bango ta zauna. Amma ba ta ambaci kowa ba.

Auta ta fito daga bayan injin. Ta kalli mahaifinta. Har yanzu siminti yake kallo, yatsunsa na murza bakin hula.

Ta jira. Ta ba shi lokaci. Ta ƙirga numfashinta har biyar.

Bai motsa ba.

"Baba."

Ya ci gaba da murza hular.

"Baba, ni ka bari an yanka ni, na haƙura. Ita ma za ka bari a kore ta da 'ya'ya uku?"

Mai Kaji ya waigo. "Me Baba ya yi a ciki?"

Tsohon ya ɗago a karon farko. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Rabu da matarka. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na canza. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Yarinyar nan ta kira ni tana kuka, ta ce in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, injin sai ya yi kusan awa bai koma ɗuminsa ba, kai kuma kana ta yi mata faɗa. Na zo na duba. Na ga abin da aka sa a ciki." Ya yi ƙwafa. "Wat ɗari huɗu da arba'in. Wasan yara. Ko dutsen guga ya fi shi."

"Wasan yara?" Muryar Auta ta fashe. "Da gangan na sa ta haka, Baba! Ƙwai ne a ciki, ba wanki ba! A hankali ake so ɗumi ya hau! Wata biyu ina gwaji kafin in tsaya a kan wannan lambar!"

"Kada ki ɗaga mini murya."

"Ka auna kafin ka sa?"

"Shekara talatin da biyar ina aikin nan. Hannuna ya ishe ni mita."

"Ka duba abin da aka rubuta a jikin makunnin?"

Ya kawar da kai. "Rubutun ƙanana ne."

"Da ka kira ni na karanta maka! Gida ɗaya muke kwana! Kai ka koya mini volt sau amfiya a bayan kwalin ƙwan fitila. Kai kake buge mini hannu in na taɓa waya ban auna ba. Lissafin da ko minti ɗaya ba zai ci maka ba, Baba! Rai dubu!"

"Auta, ya isa," Yaya ta ce cikin kuka.

"Bai isa ba! Ke ma kin sani! Kin riƙe waya kina ɗaukata, kina jira in ce ban iya aiki ba, alhali kin san komai!"

"Baba ne ya ce in rufa masa asiri..."

"Ni kuma ba ni da asirin da za a rufa?"

Ta koma kan mahaifinta. Hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Kuskure kowa na yi. Da ka ce mini, Auta ga abin da ya faru, wallahi da na san yadda zan tare maka. Amma ka dube ni jiya, ka ce in zo in ba da haƙuri. Ka zo ka zauna a kujera ka ga an miƙa mini takardar nan. Ka ce in karanta mu tafi. Me ya sa?"

Da Baba ya buɗe baki, maganar a bushe ta fito.

"Ke yarinya ce. Sunanki zai warke. Ni nawa fa? Shi kaɗai ya rage mini."

Ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

"Zai warke? Kai in ka yi, a ce tsautsayi ne, tsufa ne, a yi maka uzuri. Ni in na yi, cewa za a yi daman wa ya aiki mace! Shekara shida ina hawa tsani ana yi mini dariya kafin a fara kirana da aiki. Shekara shida, Baba, ka ɗauka ka shimfiɗa ka taka don kada ƙafarka ta taɓa ƙasa!"

Ta zaro takardar ta warware, ta ajiye masa a kan gwiwa, kusa da hular.

"Ga ta. Ba sai an canza ko kalma ɗaya ba."

Mai Kaji ya share gumi. "To ni yanzu wa zan kama? Surukina zan kai wa 'yan sanda?"

"Wannan kai ta shafa. Ni abu ɗaya na sani. Inda ka sa bidiyon farko, nan za ka sa wannan. Yau."

Ta durƙusa tana tattara kayan aikinta, tana jefa su jaka da ƙarfi. So take ta bar ɗakin kafin ta faɗi abin da ba ya ɗaukuwa.

"Baba," Yaya ta ce da wata irin murya. "Ka faɗa mata ɗayan."

Hannun Auta ya tsaya a kan zif.

"Wane ɗayan?"

Yaya ta kalli Baba.

"Yaya, wane ɗayan?"

"Hita biyu ya saya."

Injin irin wannan guda biyu Auta ta taɓa ƙerawa. Na biyun yana can ƙarshen gari, tafiyar awa guda in hanya ta yi kyau, a gonar wata ƙungiyar mata su goma sha biyu da suka haɗa ƙwansu wuri ɗaya. Su kaɗai ne ba su juya mata baya ba a kwana biyun nan.

Ta miƙe a hankali.

"Baba, ka ce mini ba ka je can ba."

"Shugabarsu ta zo shago ba kya nan, da irin wannan kukan. Na ce ke kika aiko ni."

"Yaushe?"

"Kwana takwas."

"Na nan kwana tara ya yi ya manne! Innalillahi! Kuma ka ga abin da ya faru a nan, ka yi shiru?"

"Na so in je in cire ba wanda ya sani. Jiya na je har can, na tarar da mutane a wurin, na..."

Ba ta tsaya ji ba. Ta zaro waya. Ta kira Shugaba. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira.

"Injiniya!" Muryar matar ta cika ɗakin. "Alhamdulillahi, daman ke nake shirin nema. Allon injin nan ba talatin da bakwai da rabi kika ce ya riƙa nunawa ba?"

"Nawa yake nunawa?"

"Arba'in. Tsaya... a'a, ya koma arba'in da ɗaya."

"Ki kashe shi! Ki zare fulogin yanzu-yanzu!"

"Ta ina? Ta taga nake leƙe. Ɗakin a kulle yake, kin san ƙofar ƙarfe ce, batiran solar ma duk suna ciki. Tun safe muke neman makullin, an rasa wanda ya ɗauka."

"Ku nemo shi! Wa ya riƙe shi na ƙarshe?"

Wani ɗan ƙara ta ji a bayanta, kamar ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Ta waiga.

Baba ne ya zaro hannunsa na hagu daga aljihu. Ya buɗe tafin.

Makullin na kwance a ciki.